Yadda ake buga Mystery House na 1980 a kwamfuta ko wayar yau

Mystery House wasan kwamfuta ne da wasu ma'aurata 'yan Amurka, Roberta Williams da mijinta Ken, suka fitar a 1980 don na'urar Apple II, ƙarƙashin kamfaninsu On-Line Systems wanda daga baya ya koma Sierra On-Line. Kafin shi, wasannin labari irin su Colossal Cave Adventure rubutu ne zalla: ka karanta, ka rubuta umarni, ka sake karantawa. Roberta ta tsara labarin ta zana ɗakunan, zane wajen 70, Ken kuma ya rubuta manhajar, suka sa masa farashin dala 24.95. A 1987 kamfanin ya sake shi kyauta ga kowa, don haka wanda ya sauke shi yau bai ci haƙƙin kowa ba.

Labarin gajere ne. Ka shiga wani tsohon gida, ƙofa ta kulle a bayanka. A zaure ka tarar da mutum bakwai: Tom mai gyaran famfo, Sam makanike, Sally tela, Dakta Green likitan tiyata, Joe mai haƙar kabari, Bill mahauci, da Daisy kuku. An ɓoye duwatsu masu daraja a gidan, kuma ana kashe mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Na ƙare shi sau da dama, na kuma zauna kusa da mutane suna gwada shi karo na farko. Gano mai kisan bai taɓa kayar da ko ɗayansu ba. Abin da ke kayar da su shi ne rashin taswira, da rashin sanin yadda ake yi wa wasan magana.

Kayan aiki

Na farko fayil ɗin faifan wasan, wanda sunansa ke ƙarewa da .dsk. Girmansa kilobait 140 ne kacal, bai kai hoto ɗaya na waya ba, don haka kada ka damu da data. Ana samunsa a rumbun Internet Archive.

Na biyu manhajar da za ta kwaikwayi Apple II, wato emuleta. Bayaninta na tafe a mataki na 1.

Na uku kibod na gaske in da hali. Umarnin wasan duk rubuta shi ake yi, babu linzami, babu taɓa allo.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci a wurina, littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan firamare, da fensir da abin gogewa. Fensir na ce, ba biro ba. Za ka yi gogewa har takarda ta yi laushi.

Sai ƙaramin ƙamus na Turanci da Hausa in Turancinka bai nuna ba. Wasan da Turanci yake, amma kalmomin da ake buƙata kaɗan ne, kuma su ake ta maimaitawa.

Mataki na 1: Zaɓi hanyar kunnawa

Hanya mafi sauƙi ita ce ta burauza. Ka nemi sunan wasan a Internet Archive, ka danna hoton kunnawa, shi ke nan. Tana da kyau don ɗanɗano, amma ba na ba da shawarar a yi dogon zama da ita, domin da ka rufe shafin ko burauza ta sake loda shi, duk inda ka kai ya tafi.

Mai Windows ya sauke AppleWin. Ba ya buƙatar girkawa, kwance fayil ɗin kawai za ka yi ka buɗe. Danna F3 ka zaɓi faifan wasan, wannan daidai yake da zura faifai a bakin na'ura ta farko, sannan ka danna F2, wato kunna na'urar. Wannan ce hanyar da nake bi, don ita ta fi kusa da abin da mutanen 1980 suka gani, har da jinkirin zana layuka ɗaya bayan ɗaya.

In Linux ko Mac ko wayar Android gare ka, nemi ScummVM, manhajar buga tsofaffin wasanni, wanda ya san wannan wasa tun 2016. Ka sa fayil ɗin a folda tasa shi kaɗai, ka danna Add Game, ka nuna masa foldar. Akwai wani tarko a nan: ScummVM yana gane wasa ne ta hanyar duba ainihin abin da ke cikin fayil, kuma kwafe-kwafen da ke yawo a intanet ba duka ne iri ɗaya ba. In ya ce bai ga wasa ba, kada ka ɓata lokaci kana sauya wa fayil suna. Nemo wani kwafin.

Mai buga shi a waya ya sani cewa kibod ɗin allo zai rufe masa rabin hoton, alhali hoton ne rabin wasan. In kana da ƙaramin kibod na USB da igiyar OTG, ko na Bluetooth, haɗa shi. In babu, kwantar da wayar a gicciye ka riƙa ɓoye kibod ɗin bayan kowane umarni.

Kafin ka fara, yi kwafin fayil ɗin ka ajiye gefe. In wani abu ya rubuta kansa ya ɓata shi, kana da na asali.

Mataki na 2: Fahimci allon

Da wasan ya tashi zai tambaye ka I ko G. I bayani ne, G fara wasa. Karon farko danna I ka karanta, bai da tsawo, kuma yana ba da misalan umarni da za ka buƙata.

Allon kashi biyu ne. Sama zane, farin layi kan baƙin fili. In ka ga gefen layukan na ɗaukar kore da shunayya, kwamfutarka lafiya lau take, haka Apple II ke fitar da launi a talabijin ɗin Amurka na lokacin. Wanda abin ya dame shi a AppleWin ya riƙa danna F9 har ya kai ga allo mai launi ɗaya. Ƙasa kuma layi huɗu ne tak na rubutu.

Abubuwa biyu suna ruɗa sabon shiga. Na ɗaya, in saƙo ya fi layi huɗu, wasan zai yi ƙara ya tsaya cak. Ba maƙalewa ya yi ba, jira yake ka danna Enter ya ci gaba. Na ga wanda ya sake kunna na'ura sau uku saboda wannan. Na biyu, in ka danna Enter ba ka rubuta komai ba, hoton zai ɓace ka ga rubutu cike da allo, har da saƙonnin da suka wuce. Sake dannawa hoto ya dawo. Wannan ba kuskure ba ne, da gangan aka yi, kuma da shi za ka koma ka karanta abin da ya wuce ka.

Rubuta komai da manyan baƙaƙe. Apple II na farko ba shi da ƙananan baƙaƙe, wasan kuwa bai san su ba. In ka ga umarnin da ka tabbata daidai ne yana ƙin shiga, fara duba Caps Lock.

Mataki na 3: Koyi yaren wasan

Kalma biyu kawai yake ji: aikatau da suna. OPEN DOOR, buɗe ƙofa. GET NOTE, ɗauki takarda. READ NOTE, karanta ta. DROP NOTE, ajiye ta. LOOK SINK, duba wurin wanke-wanke. Tafiya kuma da harafi ɗaya ake yi: N arewa, S kudu, E gabas, W yamma, sai UP da DOWN. INVENTORY na nuna abin da kake ɗauke da shi. Duk jimlar da ta wuce haka ɓata yatsu ne.

Gwada a wurin farko. Kana tsaye gaban gidan, ga matakala. Hau, ka buɗe ƙofa da OPEN DOOR, sannan GO DOOR. Lura da wannan GO ɗin, don sau da yawa ƙofar da harafin shiyya ya ƙi shigar da kai, GO DOOR ke shigar da kai. Haka GO HOLE, haka GO GATE.

Inda gizo ke saƙar shi ne nan: rubutun ba ya lissafa abin da ke cikin ɗaki. Hoton kaɗai ke nuna shi, kuma zanen irin na yaro ne da alli a bango. Za ka ga wani ɗan murabba'i a ƙasa, kai za ka yanke hukunci ko takarda ce, ko littafi, ko akwati, sannan ka nemo sunan Turancin da Roberta ta ba shi. Dabarata ita ce in jero sunaye uku ko huɗu in gwada da GET. Da ɗaya ya kama, sai in buga INVENTORY in ga cikakken sunan, in rubuta a bayan littafina.

Ka kuma koyi sauraron ƙin da yake yi. Wani lokaci aikatau ne bai sani ba, wani lokaci sunan ne, wani lokaci ya san duka biyun amma abin ba ya yiwuwa a inda kake. Na ukun nan albishir ne, yana nufin kalmar tana cikin wasan kuma za ta yi amfani a wani wuri. Ware shafi guda don irin waɗannan.

In aikatau ya ƙi, sauya shi da ɗan'uwansa kafin ka fid da rai. PUSH ya ƙi, gwada PRESS. Wani umarnin ma a juye yake: famfon kicin da WATER ON ake buɗe shi, suna a gaba. Babu wata hikima a ciki, haka kawai aka rubuta.

Mataki na 4: Zana taswira tun daga ɗakin farko

Fara daga tsakiyar shafi, ba daga gefe ba. Kowane ɗaki akwati ɗaya, da sunansa a ciki, da abin da ka gani ko ka ɗauka. Bar gida biyu ko uku tsakanin akwatuna. Bene ya samu nasa shafin, ƙarƙashin ƙasa nasa, waje nasa.

A kowane sabon ɗaki gwada shiyyoyi shida duka, ko da ba ka ga ƙofa ba. Hoto bango uku yake nunawa, abin da ke bayanka ba a zana shi ba. Wanda ya dogara da ido kaɗai zai wuce ɗakuna bai san da su ba. Shiyyar da ta ƙi, sa mata ɗan gicciye don kada ka sake gwadawa.

Kada ka ɗauka cewa in ka tafi gabas, yamma ce za ta dawo da kai. Galibi haka ne, amma ba kullum ba. Don haka nake zana kibiya mai kai ɗaya tukuna, sai na koma ta wannan hanyar na tabbatar sannan in ƙara mata kai na biyu. Karon farko da na buga, na raina wannan, na ce gida ɗaya ne, zan riƙe a ka. Bayan awa biyu ina zagaye tsakanin ɗakunan kwana na bene na kasa tuna wanne na duba, sai na tashi na karɓi littafin lissafin ɗan ƙanena na yage tsakiya.

Mataki na 5: Adana wasa kafin kowace kasada

Wasan yana da nasa SAVE GAME da RESTORE GAME, amma na emuleta ya fi sauri. A AppleWin F11 ke adana halin da na'ura take ciki, F12 ke dawo da shi. A ScummVM danna Ctrl da F5 tare, jerin zaɓi zai fito da wurin adanawa.

Kada ka riƙa adanawa a kan fayil ɗaya. Ba kowanne suna: kafin duhu, bayan gobara, kafin daji. Dalili shi ne za ka iya adana wasan da ya riga ya lalace ba ka sani ba, misali duhu ya kusa kai kuma ba ka da haske. Mai kwamfutar tebur da ba ta da batir kuma ya san sauran. An taɓa ɗauke mini wuta ina tsakiyar daji da taswira rabi, ban adana komai ba tun daga kicin.

Mataki na 6: Nemi haske kafin komai

Daga nan zuwa ƙasa akwai tona asirin wasu wurare. Wanda yake so ya gano komai da kansa ya karanta wannan matakin kaɗai ya tsaya, don shi kam dole ne.

Wasan yana ƙirga umarninka. Bayan wani adadi zai ce duhu ya fara, jim kaɗan hoto ya ɗauke gaba ɗaya. Tunda hoton ne ke nuna maka kaya, duhu na nufin wasa ya ƙare ko da ba ka mutu ba. Sabon shiga kan ƙone wannan lokaci yana ƙoƙarin gaisawa da mutanen zaure. Ba sa magana. Da ka fita ka dawo ma sun watse, ba za ka sake ganin yawancinsu ba sai a kwance.

Saboda haka yi zagaye biyu. Na farko na leƙen asiri ne: yawata, zana taswira, bar duhu ya same ka. Na biyu ka sake farawa ka tafi kai tsaye. Ashana tana cikin kabad ɗin kicin, sai ka buɗe sannan ka duba ciki, buɗewa kaɗai ba ta nuna komai. Kyandir yana ɗakin cin abinci. Kyasta ashana tukuna, sannan ka kunna kyandir, umarni biyu ne daban.

Amma kafin ka bar kicin, buɗe firji ka ɗauki butar da ke ciki, ka buɗe famfo, ka cika ta. Ɗauki wuƙar shafa man shanu da ke wurin wanke-wanke. Ga dalilin ruwan: a ɗakin cin abinci za ka yi tuntuɓe da darduma da kyandir a hannu, wuta ta kama. In babu ruwa a hannunka, ka mutu. In akwai, POUR WATER, wuta ta mutu ta bar rami, a cikin ramin kuma akwai makulli. Wato sai ka yi haɗarin sannan za ka samu abin da ake buƙata. Ban taɓa ganin adalci a wannan tsari ba, amma ya kamata ka san irin tunanin da ke bayan wasan, don zai sake yi maka irinsa.

Mataki na 7: Gawarwaki da takardu

Duk gawar da ka tarar, LOOK BODY. Wasan zai faɗi ko wane ne da yadda aka kashe shi, wani lokaci da wata 'yar alama da aka bari. Rubuta sunayen bakwai a shafi guda, ka riƙa soke wanda ya mutu, ka rubuta alamar a gefensa. Bayanin farko ya faɗi launin gashin kowannensu, kwafe shi, ba don ado aka sa ba. Takardun da ke warwatse a ɗakuna kuma ka karanta kowacce ka ajiye ta a inda ka same ta. Duk sunansu ɗaya, NOTE, in ka tara su a hannu sai wasan ya rikice kan wadda kake nufi.

A wani ɗakin kwana za a jefo maka wuƙa ta kuskure ka. Kada ka firgita ka dawo da tsohon adani, cikin labarin yake.

Mataki na 8: Ɓoyayyun hanyoyi

A ɗakin karatu na bene akwai hoto da aka ɗaure a bango da kusoshi. Nan wuƙar man shanu ke aiki, a matsayin sukudireba. Bayan hoton akwai maɓalli, shi ke buɗe hanya cikin bango. Akwai kuma guduma a ɗakin ƙarƙashin rufi, wadda ake fasa bangon da ke bayan kabad ɗin kicin da ita bayan an ture kabad ɗin.

Kafin ka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, biya banɗaki ka ɗauki tawul. Bangon can ƙasa gansakuka ta rufe shi. WIPE ALGAE, sai wani tubali mai motsi ya bayyana, abin da kowa ke nema yana bayansa. Wannan kalma ta ALGAE ita ce ta fi ba mai ƙaramin Turanci wahala a wasan duka, shi ya sa na rubuta ta ƙarara. Kada ka bar wurin ba ka duba ƙasa da kyau ba. Makullai biyu ne a wasan, ɗaya na akwati, ɗaya na ƙofar gida.

Mataki na 9: Daji

Dajin da ke bayan gidan an yi shi ne don ya ɓatar da kai. Wuraren duk kamarsu ɗaya, bishiyoyi iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, kuma hanya na iya dawo da kai inda ka tashi ba tare da ka sani ba. Adana wasa, sannan ka shiga da kaya da yawa a hannu. A wuri na farko ajiye abu ɗaya, a ce tawul, ka rubuta a taswira: wurin tawul. Tafi arewa. In ka ga tawul a hoto, ba ka motsa ba. In ba ka gani ba, sabon wuri ne, ajiye buta, ka sa masa suna wurin buta. Haka za ka bi shiyya shida a kowane wuri. A nan akwatuna da layuka ba sa aiki, tebur ya fi: sunayen wurare a jere ta hagu, shiyyoyi shida a sama, kowane gida ka rubuta inda ya kai ka. Kada ka manta da UP, ko da ba ka ga abin hawa ba. Kyandir kuwa kada ka kuskura ka ajiye shi a matsayin alama.

In ka gama tebur, danna F12 ka koma adanin da ka yi, kayanka duk suna hannu, hanya kuma tana takarda.

Akwai wata babbar bishiya da ake hawa, a samanta an kafa madubin hangen nesa. Leƙa ciki. Zai nuna maka ƙofa a silin ɗin ɗakin ƙarƙashin rufi. Ko ka riga ka san da ita daga bakina, dole ka leƙa, don wasan ba ya yarda ƙofar ta wanzu sai ka gan ta ta madubin. Na gwada tsallake wannan don in rage hanya, na tsaya ƙarƙashin silin ina ta buga OPEN TRAPDOOR a banza.

Mataki na 10: Ƙarshe

Kafin ka hau ta wannan ƙofa, buɗe akwatin da ke ɗakin ajiya na sama da makullin da gobara ta ba ka. Bindiga ce a ciki. Adana wasa, duba shafin sunayenka ka ga wa ya rage ba a soke ba, sannan ka hau. Wanda ke sama ba ya jiran ka yi dogon tunani, don haka shirya umarnin a ranka tun kana ƙasa: aikatau ɗaya, suna ɗaya.

In ka gama, wasa bai ƙare ba tukuna. Duba INVENTORY ka tabbata duwatsun suna hannunka, sauko zaure, buɗe ƙofar gida da makulli na biyu, ka fita har ka sauka matakalar da ka hau da farko. Can ne zai taya ka murna ya naɗa ka GURU WIZARD. In ka fito bai ce komai ba, ko dai duwatsun suna inda ka ajiye su, ko mai kisan yana raye, sai ka koma ciki ka duba wanne ne.